Gadar Tsinken Ashana

Sunan da ya bi shi a jami'ar shi ne Malam Saura-Kaɗan, kuma shi ya jawo wa kansa. Duk wanda ya tare shi a baranda ya ce, "Malam, ya kundin digirin?" amsar ba ta canzawa: "Saura kaɗan." Tun yana faɗa da fara'a har ya koma faɗa yana kallon takalminsa. Tun ɗalibai na kiransa da sunan a bayan ido har masu shara suka ɗauka, har wata rana ya ji kansa yana amsawa. Alhali kundin ya daɗe da kammaluwa. Abin da ya rage kawai sa hannun Farfesa ne, mai duba aikin nasa, kuma hannun nan ya yi shekaru yana shawagi a saman takardar bai sauka ba. Kundin na nan a kan teburin Farfesa, an ɗora masa butar shayi, bangonsa duk ya yi zobe-zoben shatin gindinta.

A gida kuwa surukarsa ta riga ta yanke hukunci. Dakta take ce masa tun ranar da ta ji ya fara karatun, ta kuma bi dangi gida-gida ta shaida musu. Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, mai bakin da ba ya ajiye magana ta kwana. Takan ce masa, "Mama dai ta ba ka nata digirin, saura na Farfesa."

A shekarar ne Shugaban Jami'a ya dawo daga wata tafiya da sabon tunani, irin tunanin da manya ke dawowa da shi a jaka tare da tsarabar turare. Ya ce daga yanzu duk ɗaliban ajin farko za su karanta littafi ɗaya, sannan a yi gasa, kowa ya nuna abin da littafin ya tayar masa a rai. Mai waƙa ya yi waƙa, mai zane ya yi zane, mai wasan kwaikwayo ya yi, mai sassaƙa ya sassaƙa. Wani kamfanin gine-gine ya ɗauki nauyin komai, don haka manajan kamfanin aka bar wa zaɓen littafi. Aka baza masa littattafai a tebur, ya ga wani da hoton gada a bangonsa, ya ɗora yatsa. Marubucin ya riga mu gidan gaskiya, abin da ya sauƙaƙa wa kowa, don ba zai zo ya yi gardama ba.

Aka kafa kwamitin alƙalai na mutum uku. Farfesa ne shugaba, sai wata Dakta daga sashen zane, sai Malam Saura-Kaɗan a matsayin sakatare, wato mai rubuta bayanan taro da jera kujeru da tabbatar da cewa biskit bai ƙare ba. A zaman farko Farfesa ya ɗaga littafin ya auna shi a tafin hannu, ya ɓata rai.

"Wannan ai bulo ne," ya ce. "Ba za a tara mutum uku masu albashi su zauna suna karanta abu ɗaya ba, ɓarnar ma'aikata ce. Yadda muka saba za mu yi. Ni zan ɗauki farko, Dakta ki ɗauki tsakiya, Sakatare ka ɗauki ƙarshe. Mako mai zuwa kowa ya kawo rahoto."

Haka suke aiki a sashen tun kafin a ɗauki Malam Saura-Kaɗan. Jarrabawa ma haka suke makinta, kowa da tambayarsa, babu wanda ya taɓa ganin takardar ɗalibi daga kai har ƙafa. Kuma a yi wa mutanen nan adalci, kowa ya karanta rabonsa tsakani da Allah.

Kason Farfesa daɗi ne zalla. Wani gari ne a bakin kogi, ana tsallakar da mutane a kwalekwale, sai aka zo da albishir za a yi gada. Gari ya ɗauki murna. Wani tsoho mai fito, wanda ya ƙare rayuwarsa yana kai mutane ƙetare yana dawo da su, ya fi kowa zumuɗi, har ya farfasa kwalekwalensa aka yi bencina da katakon don manyan baƙi su zauna ranar kafa harsashi. Kason Dakta kuma aiki ne ba ji ba gani, ana kwaɓa siminti, ana kafa ginshiƙai, gada tana miƙewa saman ruwa.

Malam Saura-Kaɗan ne kaɗai ya san inda aka kwana. A kasonsa 'yan kwangila suka tattara motocinsu suka tafi, gada ta tsaya cak a tsakiyar kogi, rodi tsirara a bakinta. Babu gada, babu kwalekwale. Tsohon nan kullum sai ya taka har inda simintin ya ƙare, ya sa hannuwa a baki yana ƙwala wa 'yarsa kira a ɗaya gaɓar, iska na kwashe muryar. A nan littafin ya ƙare. Malam Saura-Kaɗan ya karanta shafin ƙarshe a ofishinsa da rana tsaka, fanka na kaɗa takardu. Sai da ya tashi ya rufe ƙofa don kada wani ɗalibi ya shigo ya ga idonsa.

Ranar rahoto aka bi girma, kamar kullum. Farfesa ya fara, ya yi ta zuba har inuwar taga ta sauka daga bango. Dakta ta karɓa, ta ce a nata ɓangaren dai aiki na tafiya yadda ya kamata. Malam Saura-Kaɗan ya gyara zama ya buɗe takardarsa, sai ga masinja da faranti ya shigo da shayi.

"To, madalla," Farfesa ya ce, yana miƙa hannu ga biskit. "Sakatare, naka ai a fili yake. Aka gama, aka yanke ƙyalle, kowa ya tsallaka. Ko akwai wani abu?"

Kafin ya haɗiye yawu wayar Farfesa ta yi ƙara, ana nemansa a wani taron. A bayanan zaman Malam Saura-Kaɗan ya rubuta cewa kwamiti ya tattauna littafin baki ɗayansa. Ya ce wa kansa zai gyara maganar a zama na gaba. Kafin zama na gaba Farfesa ya shiga gidan rediyon jami'a ya yi sa'a guda yana bayanin yadda littafin ke koya wa matasa gama abin da suka fara, ya kuma sa an buga jawabin an liƙa a allon kowane sashe. Daga nan gyara ya zama wani abu dabam.

Ɗalibai kuwa, Allah ya shirye su, ko rabo ba su yi ba. Babin farko suka karanta, masu ƙoƙari suka haɗa da jawabin Farfesa. Ayyuka suka fara kwararowa ofishin Sakatare har ya rasa inda zai sa ƙafa. Waƙoƙi sun fi komai yawa, kuma duk gada suke wa kirari. Wani ya kira ta uwar ci gaba, wani ya ce ita ce zoben auren gaɓa da gaɓa. Akwai zanen gada da rana na fitowa a bayanta, akwai zanen gada da rana na faɗuwa a bayanta, akwai wani mai hangen nesa da ya zana Shugaban Jami'a tsaye a kanta yana ɗaga hannu. Wasu samari suka kawo wasan kwaikwayo da za a yi da mutum takwas a durƙushe su ne ginshiƙai. Malam Saura-Kaɗan yana karɓa yana liƙa lamba, ransa na ƙara dagulewa, don duk wanda ya duba sai ya ji kamar shi aka kama da laifi.

Ranar rufe karɓa, ana dab da tashi, wata yarinya ta turo ƙofa da kafaɗa, ta shigo da baya-baya tana riƙe da wani faffaɗan katako. Siririya ce, mai tabarau, yatsunta duk busasshen gam. Ta ajiye katakon a teburinsa ta yaye tsohuwar jaridar da ta rufe shi da ita.

Gada ce ta tsinken ashana. Ta kankare kan kowane tsinke, ta jera su ɗaya bayan ɗaya, ginshiƙai da madogarai da komai, kogin kuma ta yi shi da shuɗiyar leda da ta yamutsa ta yi igiyar ruwa. Gadar ta taso daga gaɓa da kyau da tsari, ta zo tsakiya ta tsaya, 'yan wayoyi sirara sun fito daga bakinta a karkace. A daidai bakin ta tsayar da wani ɗan mutum da bai fi ɗan yatsa ba, bayansa a ranƙwafe, hannuwansa biyu a baki.

Malam Saura-Kaɗan ya sunkuya ya dubi ɗan mutumin. Sannan ya ce, "Kin kai ƙarshe."

Ta ɗago da sauri. "Malam, kai ma ka kai?"

"Na kai."

Sai ta yi wata dariya ta wanda aka sauke wa kaya. "Wallahi Malam, 'yan ɗakinmu sun ishe ni. Wai ashana ce ta ƙare min. Wata har da kawo min kwali biyu, wai taimako. Na ce musu haka littafin yake, suka ce to ai ba haka Farfesa ya faɗa a rediyo ba. Har na fara tunanin ko nawa kwafin ne aka buga ba daidai ba."

"Naki daidai yake."

"Tsohon ne ya fi ba ni wahala. Hannun nan sai karyewa yake." Ta gyara tabarau da bayan hannu. "Ni ko ban ci ba, tunda akwai wanda ya gane a cikin alƙalan, hankalina ya kwanta."

Ta fita ta bar shi da gadar. Ya ji daɗi irin wanda ya manta ana ji a aikin koyarwa, ya kuma ji tsoro na biye da daɗin.

Ranar alƙalanci aka jera komai a ɗakin taron sashe. Farfesa ya bi waƙoƙin yana gyaɗa kai, don duk muryarsa yake ji a ciki. Da ya iso gadar ashana sai ya tsaya, ya cire tabarau, ya mayar, ya sunkuya.

"Kai! Wannan hannu ne," ya ce. "Dakta, zo ki gani."

Dakta ta zagaya katakon tana jinjina kai. "Babu na biyunsa a ɗakin nan, ranka ya daɗe. Sai dai kash."

"Kash ɗin na gani. Ba ta gama ba. Yaran yanzu ke nan, a fara da zafi a watsar a tsakiya. Abin da littafin ke yaƙa da shi ke nan, ga shi ta aikata. Doka kuma ta ce aikin da ba a kammala ba ba ya shiga gasa."

"Abin tausayi," Dakta ta ce. "Ga shi manajan kamfani ya ce yana son abin da zai ajiye a zauren ofishinsu. Waƙa ai ba ta ajiyuwa."

Malam Saura-Kaɗan ya matso kusa da katakon. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a ƙarshen littafin..."

Farfesa ya juyo a hankali, ya dube shi ta saman tabarau. Ba kallon faɗa ba ne. Kallo ne na mutumin da ya yi jawabi a rediyo, aka liƙa jawabin a allo, yana jira ya ji ko akwai ƙaramin malamin da zai ce a gaban Dakta ya yi ta magana kan abin da bai sani ba.

"A ƙarshen littafin me?"

A cikin ɗan shirun nan Malam Saura-Kaɗan ya hango butar shayi, ya hango kundinsa a ƙarƙashinta yana ƙara wasu shekarun, ya hango surukarsa.

"Akwai 'yan kurakuran bugu, ranka ya daɗe. Na ce ko za a sanar da maɗaba'a."

"Ka rubuta musu." Farfesa ya koma kan gadar, sai fuskarsa ta washe. "Tsaya. Kai ba ɗan kafinta ba ne?"

"Shi ne, ranka ya daɗe."

"To ai magana ta ƙare. Ɗauki abin nan ka je ka ƙarasa mata. Ba maguɗi ba ne, tallafa wa ɗalibi ne, aikinmu ke nan. Kada ma a gaya mata, ta gani a wajen biki ta yi murna, ta kuma koyi darasi." Ya dafa kafaɗarsa, abin da bai taɓa yi ba. "Af, kundin nan naka. In an gama hidimar nan ka zo min da shafin sa hannun. Ya isa haka."

Malam Saura-Kaɗan ya ɗauki katakon ya sa a kujerar bayan tsohuwar motarsa. A hanya duk ramin da ya faɗa sai ya leƙa madubi ya ga ko tsohon na nan tsaye.

Matarsa ta dawo daga asibiti ta tarar ya mamaye teburin cin abinci da gam da reza da kwalayen ashana.

"Ikon Allah. Dakta ya koma sana'ar gado?"

Ya ba ta labari tun daga rabon littafin. Tana cire takalmi tana saurara. Da ya gama ta ce, "To ka gaya masa mana. Ka same shi shi kaɗai a ofis, ba a gaban mutane ba."

"Ba ki san Farfesa ba. Shi kaɗai ɗin ma mutane ne."

"Yarinyar ta sani?"

"Ita za ta zo ta ɗaya. Kwamfuta za a ba ta. In ban yi ba cire ta za a yi gaba ɗaya, ta tashi a banza."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan."

Ya ci gaba da kankare tsinken da ke hannunsa. Ta tsaya tana kallon gadar, ta kai yatsa kusa da ɗan tsohon ba ta taɓa shi ba.

"Ni dai na gaji da jin saura kaɗan, ba zan ɓoye maka ba," ta ce. "Amma kada ka zo daga baya kana min juyi a gado. Kuma kada ka taɓa min ashanar girki."

Ya kwashe hutun ƙarshen mako yana aikin. Abin kunyar da bai gaya wa kowa ba shi ne ya ji daɗinsa. Hannunsa ya tuna abin da mahaifinsa ya koya masa a shago yana yaro, yadda ake auna tazara da ido, yadda ake haɗa baki da baki har a rasa inda aka haɗa. Ya kwaikwayi jerin yarinyar tsinke bayan tsinke. Ya lanƙwashe wayoyin da ta bari tsirara ya binne su. Ya shiga aikin har yana ɗan fito da baki. Sai da ya zo shimfiɗa hanya ya ga tsohon ya tsaya masa a tsakiyar titi, ba yadda za a yi mota ta wuce. Ya sa reza a ƙarƙashin ƙafafunsa ya ɓamɓare shi a hankali. Ya nufi kwandon shara, ya tsaya, ya dawo ya sa shi a aljihun gaban rigar da zai saka ranar biki.

Ranar biki babban ɗakin taro ya cika maƙil, don an ce duk ɗan ajin farkon da bai zo ba za a rage masa maki. Shugaban Jami'a ya yi jawabi kan al'adar karatu, ya ce shi kansa littafin na nan a gefen gadonsa. Manajan kamfani ya yi jawabi kan siminti. Farfesa ya maimaita na rediyo da ƙari. Samarin nan takwas suka durƙusa aka taka bayansu, ginshiƙi ɗaya ya yi atishawa gada ta rushe, ɗalibai suka yi ta ihu suna tafi, kuma shi ne kaɗai abin da aka yi a ranar da ya yi kama da littafin. Aka karanta waƙar da ta zo ta uku, aka ɗaga zanen Shugaban Jami'a da ya zo na biyu.

Sannan aka kira yarinyar. Malam Saura-Kaɗan yana gefen dandamali da tarin takardun shaida a hannu, ya ga ta taso daga can baya tana tuntuɓe da ƙafafun mutane, fuskarta kamar za ta tsage don murna. Da ta hau matakala ta neme shi da ido, ta yi masa ɗan murmushin nan na mu biyu muka sani.

Manaja ya kama gefen farin ƙyallen da aka lulluɓe teburin da shi, ya jira mai hoto ya shirya, ya yaye.

Gada ce cikakkiya, daga gaɓa zuwa gaɓa, ba inda za ka ce ga mahaɗi. Ɗaki ya ɗauki tafi. Yarinyar ta tsaya. Murmushin bai gudu nan take ba, ya daɗe a fuskarta ba shi da abin yi. Ta matsa kusa, ta bi gadar da ido tun daga inda ta fara, ta zo tsakiya, ta tsaya a nan. Ta duba kogin ledar ko wani abu ya faɗa ciki, ta duba ƙarƙashin teburin.

"Irin matasan da muke nema ke nan," manaja yana faɗa a makirfo, "masu kai aiki gaci!"

Farfesa ya karɓi makirfon ya kai bakinta. "'Yata, gaya wa 'yan'uwanki abin da kika gani a littafin nan."

Ta tsaya kallon gadar har aka fara ƙus-ƙus. Sannan ta ce, "Littafin yana da tsawo."

Ɗaki ya fashe da dariya, Shugaban Jami'a har da share ƙwalla. Aka ɗora mata kwalin kwamfuta a hannu, aka juya ta wajen mai hoto.

Ana watsewa Farfesa ya yafito Malam Saura-Kaɗan, ransa fes. "Ina shafin? Ka zo da shi?" Ya zo da shi, tun safe yake cikin fayil. Farfesa ya ɗora takardar a gefen teburin gadar, ya zaro biro, ya yi wani ɗan karce da bai ɗauki numfashi ɗaya ba. "Shi ke nan. Je ka shirya kare kundin. Aikinka ya yi kyau." Bai faɗi wane aikin ba, ya bi bayan Shugaban Jami'a wajen cin abinci.

Malam Saura-Kaɗan na tsaye yana kallon karcen, yana mamakin ƙanƙantarsa, ya ji mutum a gefensa. Ita ce, rungume da kwalin.

"Malam."

"Barka, kin yi ƙoƙari. Kin ga dai..."

"Kai ka yi?"

Ya so ya ce kwamiti ne. Kalmar na bakinsa, kalma ce mai kyau da ta rufa wa mutane da yawa asiri a jami'ar nan. Ya ce, "Ni ne. Da ban yi ba da an cire ki."

Ta gyaɗa kai, ta sake duban gadar. "Hannunka yana da kyau, Malam. Na duba na duba ban ga inda nawa ya ƙare ba." Babu gatse a muryarta, shi ya fi yi masa ciwo. "Da Farfesa ne ya sa wani kafinta ya yi, da ban ji komai ba. Shi ai bai sani ba."

Ya sa yatsu biyu a aljihu ya fito da ɗan tsohon. Hannu ɗaya ya ɗan karkace, amma yana nan a baki. Ya miƙa mata a tafin hannunsa.

"Na ajiye miki shi."

Ta daɗe tana kallonsa, ta gyara riƙon kwalin, ba ta saki hannu ko ɗaya ba.

"Bar shi a wajenka, Malam. Ina zan tsayar da shi?"

Ta juya ta bi layin kujeru ta fita. Wasu ma'aikatan kamfani biyu suka zo suka ɗaga gadar, ɗaya na ce wa ɗaya ya yi a hankali, oga ya ce gilashi za a sa mata.

Ya mayar da tsohon aljihu, ya sa takardar a fayil, ya fito baranda. Rana na nan da sauran zafi. Wani abokin aikinsa ya hango shi daga can wajen ajiye motoci, ya ɗaga murya kamar yadda ya saba kullum.

"Malam! Ya kundin?"

Malam Saura-Kaɗan ya tsaya. Shekara da shekaru yana tanadin amsar nan, ya sha gwada faɗarta a gaban madubi.

"An gama," ya ce.

"Me ka ce? Ɗaga murya, ba na ji!"

Bai maimaita ba. Ya nufi motarsa, ƙafar tsohon na sukarsa a ƙirji ta cikin riga.